Bushin da Ba Ya Karyewa

Da wuya in manta da ranar da na tsaya cikin ruwa iya gwiwa, a wani mashigi da ke gaba da Katagum, ina dabarar sace abin da ni da kaina na ƙera. Tunda kun ce kowane tsohon makaniki ya ba na baya labari guda daga aikinsa, ni wannan zan bayar. Ban fito da kyau a cikinsa ba, amma haka ya faru.

Ni makanikin tudu ne. A Azare na koyi aiki, a Azare na kafa rumfata, kuma abin da na sani shi ne injin ban-ruwa da janareta da injin niƙa. Karatuna bai wuce firamare ba. Halina kuwa waɗanda suka zauna da ni sun san shi: ina son a yabe ni, kuma bakina ya fi hannuna sauri. Allah ya yafe mana.

A wata damina da ruwa ya yi yawa har ya raba ƙauyukan hayin kogi da hanyar mota, masu fito na wannan mashigi suka haɗa ƙarfi suka sayi injin jirgi, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale. Wasu awaki suka sayar, wasu ƙananan jiragensu. Ga wanda bai san tsarinsu ba, shugabansu shi ne Sarkin Jirgi. Shi ke raba layi, shi ke yanke hukunci idan an saɓa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Tuƙi kuma aka damƙa wa Ɗan'azumi, wani ƙato mai faɗin ƙirji da ya ɗauki injin nan kamar ɗansa na fari. Da wannan inji guda mutanen hayi suke zuwa kasuwa, da shi suke kai mara lafiya asibiti.

Ba a daɗe da fara aiki da shi ba aka aiko mini. Inji yana tashi, yana ta kururuwa, amma jirgi ba ya gaba. Ban taɓa kwance injin jirgi ba a rayuwata. Da ɗan aiken ya tambaye ni ko na iya, sai na ce masa ai da shi na fara koyon aiki.

Bari in bayyana muku yadda farfelar injin take, don ku gane ɓarnar da na yi. A ƙasan injin akwai gidan giya, wato akwatin haƙoran ƙarfe da ke juya farfela. Daga cikinsa wani sandan ƙarfe mai haƙora ya fito, shi ne shaf. Farfela ba ta hawa kansa kai tsaye. Da fari ana cire hular fulogi don kada inji ya tashi da hannun mutum a ciki. Sai a zura wosha mai kauri, a shafa wa shaf giris. A cibiyar farfelar akwai rami, a nan ake cusa wani bushi na roba mai tauri, girmansa kamar ƙaramin gwangwanin tumatir mara gindi. Sai a zura farfelar, a sa ƙarfen da ke kama haƙoran shaf ya shige cikin bushin, a bi da wosha, a ɗaura noti. Ana tokare fiffiken farfela da guntun katako don kada ta juya lokacin ɗauri. A ƙarshe a sa fin a lanƙwasa ƙafafunsa. Duk ƙarfin injin ta cikin robar nan yake bi kafin ya kai ga ruwa.

Na kwance, na tarar robar ta dagargaje. Ɗan'azumi ya ce kututture ya daka a wata gonar dawa da ruwa ya shanye. A cikin kwalin injin akwai sababbin bushi biyu a leda. Da na sa ɗaya na kama hanyar gida, da babu wannan labari. Amma mu makanikan tudu muna da wata ɗabi'a: duk abin da ya karye da wuri jabu ne, kuma maganinsa a yi masa wanda ya fi shi ƙarfi. Haka muke yi wa amalanke, haka muke yi wa injin niƙa. Sai na ɗaga ɓaraguzan robar sama yadda kowa zai gani.

Na ce, "Sarki, ranka ya daɗe, an cuce ku. A ɗora inji irin wannan a kan roba? Ai bokitin wankan gidana ya fi wannan kauri."

Ya ce, "To mene ne abin yi, Injiniya?"

Wannan kalma ta Injiniya ita ta ƙarasa ni. Na ce a ba ni 'yan kwanaki.

Na tafi da farfelar Azare, na bar mutane suna tura jirgi da gora. Na samo guntun ƙarfen tsohuwar babbar mota, na kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar mini da siffar bushin, sauran na gyara da magagari har ya shiga ramin kamar a nan aka haife shi. Na koma na ɗaura a gaban jama'a. Na ce musu wannan sunansa Ɗan Azare, ba ya karyewa, ba ya narkewa, jikokinsu za su gaje shi. Har rantsuwa na yi ba wanda ya nema. Aka gwada, jirgi ya tsaga ruwa. Ɗan'azumi ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Sarki ya sa aka ba ni zakara da ƙaton tarwaɗa. Robobin nan biyu kuwa na jefa su cikin jakar kayan aikina, na ce zan kai wa yara su yi tayar mota.

Na yi kwanaki ina ba da labarin a Azare, kullum yana ƙara tsawo. Wata safiya a teburin mai shayi na ba shi a gaban Ba Modu, wani Babarbare mai sayar da bandar kifi, wanda ya yi shekaru yana tuƙa jirgi a Tafkin Chadi kafin ya dawo nan. Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya ajiye kofinsa.

"Malam Sule, a cikin farfelar ka sa ƙarfe?"

"Zalla kuwa."

"To gidan giya nawa kuka ajiye?"

"Na me?"

"Na canji."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Robar nan don ta fashe aka yi ta. Idan farfela ta daki abu, ita ke ɗaukar bugun ta watse, giya ta tsira, a sa wata a ci gaba da tafiya. Idan babu ita, bugun zai wuce kai tsaye cikin gidan giya. Ya ce ya taɓa ganin wanda aka yi wa irin wannan gwaninta, da aka buɗe haƙoran giyar suka zubo kamar tsakin masara. Gidan giya kuwa ko a Kano sai an yi oda, kuma mutanen da suka sayar da awakinsu suka sayi inji ba su da wasu awakin.

Ranar kasuwa ta kusa, kuma ranar ce jirgi ke cika maƙil ya yanke ta kan gonaki, inda kututture ya fi yawa.

Washegari na hau mota. Da fari ƙarya na gwada, don ita ta fi zo mini da sauƙi. Na ce wa Ɗan'azumi ina so in mayar da Ɗan Azare a ƙara masa tauri a wuta.

Ya ce, "Ya fi haka tauri? Ba kai ka ce jikokinmu za su gaje shi ba?"

"Na faɗa. Amma tattaɓa-kunne fa?"

"Su nemi nasu."

Da na ga ba hanya, sai na je gaban Sarki na durƙusa na faɗi gaskiya tsaf, yadda Ba Modu ya gaya mini. Wannan ita ce gaskiya ta farko da na faɗa a mashigin nan, kuma ita kaɗai ce ba a yarda da ita ba. Ɗan'azumi ya tuntsire da dariya har yana dafa jirgi.

"Masu jirgin mashigin ƙasa ne suka taya, ko? Faɗa mana, Injiniya, me suka yi maka alkawari? Mu zakara muka ba ka, su rago ne?"

Sarki ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Sannan ya dube ni.

"Ran nan ka rantse ƙarfe ne daidai. Yau ka rantse roba ce daidai. Wacce zan ɗauka?"

"Ta yau, ranka ya daɗe."

"Ta ran nan na ga aikinta da idona. Ta yau ban ga komai ba tukuna."

Daga nan Ɗan'azumi ya kafa doka: ko noti ɗaya ba zan taɓa a jikin injin ba sai yana tsaye a kaina.

Na kwana a ƙauyen bakin mashigin a gidan wani abokin ciniki, ina juya abin a raina. Da safe na ga masunta suna gyaran koma a bakin ruwa, sai dabara ta zo. Tun ranar farko na nuna wa Ɗan'azumi cewa idan zaren koma ya naɗe a bayan farfela, yakan yanka robar da ke hana ruwa shiga giya, kuma ba a fitar da shi sai an cire farfelar. Wannan gaskiya ne, kuma ya riƙe ta. Na roƙi guntun zare a wurin wani masunci, na ce zan ɗaure takalmi.

Ranar kasuwa mashigi ya cika. Buhunan shinkafa, awaki, kwandunan barkono, matan Fulani da ƙoren nono. Injin yana ɗage sama kamar yadda ake barinsa a ruwa mara zurfi, farfela a waje. Ɗan'azumi yana can gaba yana musu da wani mai babur a kan inda za a ɗora shi. Na naɗe wando na shiga ruwa kamar mai wanke ƙafa, na tura zaren bayan farfela da sukundireba, na bar jelarsa tana lilo. Na koma gefe na zauna ina kallon sama.

Da Ɗan'azumi ya zo zai sauke inji ya gani. Ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya juyo.

"Injiniya, zo. Amma ina tsaye."

"Ni da aka ce kada in taɓa?"

"Kada ka ja mini rai, mutane na jira."

Ya karɓe jakar kayan aikina ya rungume, shi ke miƙo mini filaya da sifana ɗaya bayan ɗaya. Bai san robobin suna aljihun wandona tun asuba ba. Na miƙe fin, na kwance noti, na zare farfela. Sai na leƙa shaf na girgiza kai.

"Zaren ya shige ciki sosai, kuma idona ba kamar da ba. Kai ka fi ni gani, tsince shi a hankali. Ni bari in wanke yashin da ke cikin wannan."

Ya duƙufa a kan shaf. Na ja da baya kaɗan na juya masa ƙeya, ruwa iya gwiwa. Ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ka kula mini da Ɗan Azare."

"Yana hannun ubansa."

Na buga shi da ƙotar sukundireba ina tari don kada a ji, ya zame ya faɗo tafin hannuna. Na cusa roba a gurbinsa, na lafta giris a bakin ramin har ba a ganin komai. Ƙarfen kuwa ba inda zan sa shi sai aljihun hagu. Na ɗaura komai a kan idon Ɗan'azumi, ya duba fin da kansa ya ce ya yi. Na ce ni ma zan leƙa kasuwa, na shiga jirgi.

Abin da ban lissafa ba shi ne nauyin Ɗan Azare. Wandona mai zariya ne, kuma zariyar ta tsufa. Na zauna hannuna ɗaya a ƙugu. Kusa da ni wata tsohuwar Bafulatana ce da ƙwaryar nononta a cinya, idonta kamar na shaho.

Ta ce, "Kaɗo, wandonka ya fi son hagu. Dutse ka sato?"

"Goro ne, Inna."

"Goron da ke jan mutum ƙasa? Ɓallo mini in gwada, ina da sauran haƙora."

"Na sautu ne."

Ta ce to, amma ba ta ɗauke ido ba.

Mun haye tsakiyar kogi lafiya, muka shiga gonaki inda kawunan dawa ke leƙowa daga ruwa. Ɗan'azumi ya ƙara wuta yana ba wani fasinja labarin ƙarfen da ba ya karyewa. Bai kai ƙarshen labarin ba muka ji dum a ƙarƙashinmu. Jirgi ya girgiza, inji ya ɗauki kururuwa, tafiya ta tsaya. Mata suka kama salati, awaki suka taya su. Ɗan'azumi ya kashe inji, masu gora suka tura mu gindin wata tsamiya da ke tsaye cikin ruwa aka ɗaure.

Ɗan'azumi ya juyo gare ni, fuskarsa kamar wanda aka ce masa gidansa ya rushe.

"Ɗan Azare ba ya karyewa."

"Haka na ce."

"To me ya karye?"

Ya ɗage inji, ya kwance farfelar da kansa, ya zura yatsa cikin ramin ya fito da ɓaraguzan roba. Sai tsohuwar ta ce, a hankali kamar mai tallan nono, "Ku duba aljihun hagu."

Ba sai na maimaita muku sunayen da aka kira ni da su ba. Ɓarawo shi ne mafi sauƙi a ciki. Na yi ƙoƙarin kare kaina. Na juya shaf da hannu, na sa giya gaba na sa baya, na ce su saurara, ba ƙara ba gargada, giya lafiya lau, robar ta yi aikinta.

Ɗan'azumi ya ce, "Da ƙarfen ne a ciki, da kututturen ne ya fashe."

Jirgi gaba ɗaya ya ce haka ne.

Ya danƙa mini ƙarfen. "Mayar da shi yanzu. Ina kallo."

Na karɓa. Na duƙa a bayan jirgi, farfela a gwiwata, ruwa jajir a ƙarƙashina. Na ce sai an shafa masa giris kafin ya shiga. Na shafa, na ƙara, na kuma ƙarawa, har ya zama kamar sabulu. Na ɗaga shi kamar mai duba wane gefe ne gaba, can wajen bakin jirgi. Tsundum.

Na ce innalillahi da ƙarfi. Wannan na cikin abubuwan da har yau nake neman gafara a kansu, domin kalmar musiba ce, ni kuwa a lokacin zuciyata fari ƙal take.

Ɗan'azumi ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Ya nutse ya fito da laka, ya sake nutsewa ya fito da karan dawa. Fasinjoji suka fara guna-guni, kasuwa na ci, nono zai yi tsami. Da ya hawo yana haki, sai na zaro ɗayar robar daga aljihun dama na ce ko za mu lallaɓa da wannan.

Tsohuwar ta ce, "Wannan wandon shago ne."

Kafin Ɗan'azumi ya gama mayar da rigarsa na ɗaura komai. Inji ya tashi, jirgi ya tafi. Har muka isa ba wanda ya yi mini magana, kuma ranar ce ta farko da aka karɓi kuɗin fito a hannuna.

Bayan la'asar aka kai ƙarata gaban Sarki. Ya saurari kowa. Ya tashi ya je wurin injin, ya juya farfela da hannu, ya kara kunnensa a jikin gidan giya ya daɗe. Sannan ya yanke hukunci a gaban jama'a: zan ƙera musu sabon ƙarfe ba lada, kuma kafin ya samu, in riƙa sayo musu irin robar nan daga Kano su lallaɓa da ita. Ɗan'azumi ya ce hukunci ya yi, ko da yake shi da ya so a haɗa da bulala.

Da mutane suka watse Sarki ya kira ni gefe.

"Na ga yadda kake riƙe noti cikin ruwa. Hannunka ba ya santsi."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗan'azumi zai riƙa tambayarka. Ka ce masa ana kan yi."

"Har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Har injin ya tsufa."

To ku da kuke tasowa, ga abin da na ɗauka daga wannan. Idan kun buɗe inji kuka ga wani abu mai rauni a wurin da kuke zaton ƙarfi, kada ku yi saurin cewa an yi ha'inci. Ku tambaya tukuna, wataƙila an sa shi ne don ya lalace a madadin abin da ya fi shi tsada. Kuma ku yi hattara da yabon aikinku a gaban mai kaya. Noti idan ka ɗaure shi da yawa, sifana za ta kwance shi. Magana idan ka ɗaure ta a kan mutum, ko kai da ka ɗaura ba ka iya kwancewa, don mutane sun fi riƙe abin da ka faɗa kana taƙama a kan wanda ka faɗa kana durƙushe.

Injin nan yana nan yana aiki da giyarsa ta asali. A mashigin kuwa har yau sunana makanikin da ya so ya saci ƙarfe ya kuma kasa riƙe shi, kuma na haƙura da hakan. Duk sanda Ɗan'azumi ya shigo Azare sayen mai, sai ya tsaya a bakin rumfata, furfura ta fara fito masa, ya ce, "Injiniya, ina ƙarfena?"

Ni kuma in miƙa masa roba a leda in ce, "Ana kan yi."